Tauraruwar da ake jin labarinta fiye da ganinta: taurari da dabarun bayar da labari a littafin *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani

Idan malami ya tambayi ɗaliban koleji ko na lise wace ce babbar tauraruwar littafin *Sarraounia*, amsa ba ta ɗaukar lokaci, domin sunanta ne a bangon littafin. Amma ɗalibin da ya zauna ya bi babobin ɗaya bayan ɗaya, yana lura da wanda yake cikin fage a kowane babi, zai tarar da abin da zai ba shi mamaki: wuraren da Sarauniya ta fito da kanta, ta yi magana ko ta aikata wani abu, kaɗan ne. Mafi yawan shafukan suna fadar wasu sarakuna, ko sansanin sojan Faransa, ko kan hanya tare da ƴan dako da bayin da aka kamo. Duk da haka, mai karatu yana rufe littafin ne da jin cewa ita ta cika shi. Yadda marubucin ya yi wannan aiki shi ne abin da ya cancanci nazari, musamman ganin cewa matasan Nijar da yawa ta wannan littafi, ko ta abin da ya haifar, suka fara sanin Sarauniyar Lugu, har wasu ke ɗaukar ƙagaggen labarin a matsayin tarihi tsantsa.

An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a 1932, amma Damagaram ce garin da aka san shi da shi. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, ya yi gudun hijira na shekaru masu yawa, mafi tsawo a Aljeriya, ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, sannan ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché. Kamfanin L'Harmattan na birnin Paris ya buga littafin a 1980, da Faransanci. Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota a kan hanyar Damagaram zuwa Yamai.

Abin da ya gina labarin a kai ya faru da gaske. A farkon 1899 wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A ranar 16 ga Afirilu ta gwabza da mutanen Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, inda aka kashe mata soja 4, aka raunata 6. Ta wuce ta yi kisan gillar Birnin Ƙonni a watan Mayu. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓi rundunar daga hannunsa, kuma cikin kwana uku sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine da Voulet. Ragowar rundunar ita ce ta yi yaƙi da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, maƙwabciyar Dakusa, ta shiga birnin Damagaram a ƙarshen wannan wata. Saboda haka ɗalibin da ke karanta littafin a Dakusa ko a Takeita yana karanta farkon abin da ya ƙare a ƙofar gidan kakanninsa.

A cikin duk wannan, rabon Sarauniya a rubuce-rubucen Faransawa bai fi ƴan layuka ba. Joalland, ɗaya daga hafsoshin rundunar, ya ambace ta a littafinsa *Le Drame de Dankori* a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta aiko musu da saƙon raini. Daga wannan ɗan ƙwaya, da abin da ya ji a bakin mutane, Mamani ya gina tauraruwarsa.

Wa ke magana, wa ke gani

Manazarta ƙagaggun labarai na Hausa sun saba raba mai ba da labari gida biyu: na cikin fage, wanda yake ɗaya daga taurari kamar Alhaji Imam a *Ruwan Bagaja*, da na bayan fage, wanda ya san komai amma ba ya cikin abin da ke faruwa. A wannan ma'auni *Sarraounia* labari ne na bayan fage, shi ke nan. Sai dai ma'aunin bai isa ya bayyana abin da ke gudana ba. Gérard Genette, a littafinsa *Figures III* na 1972, ya nuna cewa tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa: wa ke magana, da kuma ta idon wa ake gani. Muryar mai ba da labari tana iya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, alhali idon da ake kallo da shi yana ta sauyawa.

Abin da Mamani ya yi ke nan. Yana ɗaukar mai karatu ya ajiye shi a fadar Sakkwato, inda ake ganin Sarauniya a matsayin matsafiyar da ta gagari jihadi. Ya ɗauke shi ya kai shi wurin Buzaye, su ma da tasu mahangar. Ya kai shi fadar Sarkin Arewa a Matankari, inda ake lissafin ribar da za a ci idan Nasara suka kawar da maƙwabciyar da ta tsone ido. Ya shigar da shi cikin sojan haya na rundunar, waɗanda tun kafin su ga Lugu labarin tsafinta ya riga ya sanyaya musu gwiwa. Kowane rukuni yana zana ta da launin tsoronsa ko buƙatarsa, kuma yawancinsu maƙiyanta ne. A nan hikimar take. Da mai ba da labari ne ya tsaya yana cewa jaruma ce, mai kwarjini ce, da mai karatu ya ɗauke shi maroƙi. Amma yabon da ya fito daga bakin maƙiyi, a sigar zagi da fargaba, ya fi shiga.

Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin ya san littafi. Sarki ba ya faɗowa fili haka kawai: tambura da kakaki da kirari ne ke riga shi isowa, har idan ya fito an riga an gama gina shi a zukatan masu jira. A tatsuniya ma, sau da yawa ana jin labarin Dodo da rurinsa kafin a gan shi. Mamani ya ɗauki wannan jinkiri ya mai da shi ƙashin bayan littafinsa.

Ga mai nazarin harshe akwai wani abu a nan. Hausa tana da ƙananan kalmomi masu nuna cewa mai magana bai ga abu da idonsa ba, jin sa ya yi: *wai*, *an ce*, *ka ji*, *in ji wane*. "Tana rikiɗa damisa" da "wai tana rikiɗa damisa" ba magana ɗaya ba ce: ta farko tana ɗora wa mai magana alhakin gaskiyar zancen, ta biyu tana sauke masa shi. Mafi yawan abin da mai karatu ya sani game da tsafin Sarauniya irin na biyu ne, ko da yake an rubuta shi da Faransanci. Marubucin, wanda ɗan gwagwarmayar siyasa ne mai ra'ayin sauyi, ya sami hanyar da zai bar tsafin ya yi aiki a labarin ba tare da ya rantse a kansa ba. Abin da ya tabbata a cikin littafin shi ne tasirin jita-jitar: tsoro ya shiga rundunar, biyayya ta fara tsinkewa, kuma littafin yana jan zare daga Lugu har zuwa rushewar rundunar a ƙasar Tasawa. Tarihi bai tabbatar da cewa Lugu ce ta karya Voulet ba, domin bayan Lugu ne ma ya yi ɓarnarsa mafi muni. Wannan haɗi aikin zubi da tsari ne, kuma ya kamata ɗalibi ya gane shi a haka.

Tauraruwar da ba ta sauyawa

E. M. Forster, a 1927, ya bambanta tauraro mai fuska ɗaya, wanda ake iya taƙaita halinsa a jimla guda, da tauraro mai fuskoki da yawa, wanda yake iya ba mai karatu mamaki. Ɗalibai sukan ɗauka cewa dole babban tauraro ya zama na biyun. Sarauniyar Mamani ta saɓa wa wannan zato. Yadda aka same ta da farko haka aka bar ta: ba ta shakka, ba ta nadama, ba ta auna miƙa wuya ko sau ɗaya.

Ƙuruciyarta ma an tsara ta ne domin ta bayyana wannan tsayuwa. Marainiya ce, ba ta sha nonon uwa ba, da nonon goɗiya aka shayar da ita. Namiji ne ya rene ta, tsoho Dawa, wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwa da asiran daji. Ba ta haihu ba, kuma abin da ta ɗauka a matsayin gadon da za ta bar wa mutanenta shi ne suna. Duk wanda ya saba da labaran jarumai na baka zai gane waɗannan alamu: haihuwa ta daban, reno a wajen gida, dabbar da ke wakiltar jarumi, wadda a nan damisa ce. Irin wannan tauraro ba a auna shi da yadda ya sauya, ana auna shi da yadda ya sa wasu suka sauya ko suka bayyana ainihinsu. Kowa a littafin ana sanin matsayinsa ne ta yadda ya tsaya game da ita.

Sai dai wannan zaɓi yana da tsada, kuma adalci ne a faɗe ta. Joalland ya ce tsohuwa, Mamani ya mai da ita mace mai ƙuruciya da kyau da ƙarfin jiki, mai riƙe makami. Sarautar Sarauniya kuwa tana nan a Lugu har yau, kuma asalinta ta addinin gargajiya ce: mai riƙe da ita tana zaune ne a keɓe, aikinta roƙo da kiyaye al'ada. Domin ya samar wa matasa jarumar da za su yi koyi da ita, marubucin ya tuɓe mata abin da ya sa take da iko a idon mutanenta, ya sanya mata kayan mayaƙi. Ya kuma raba ta da uwa, da nono, da haihuwa, kamar dai mace ba ta kai ga jarumta sai an rage mata zama mace. Ɗalibar da ta lura da haka ta tambaya ba ta yi wa littafin rashin kunya ba, ta karanta shi ne da kyau.

Wanda yake sauyawa a littafin shi ne Voulet. Yana farawa a matsayin hafsa mai burin suna da girma, yana zurfafa cikin zalunci mataki bayan mataki, har ya kai ga kashe na gaba da shi, ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma, sarkin baƙaƙe ne da zai kafa daular kansa. Wannan furuci yana cikin tarihi, ba ƙirƙirar Mamani ba ce. A ma'aunin Forster, Voulet ne ya fi kusa da tauraro mai fuskoki da yawa, kuma shi da hafsoshinsa sun ci shafuka masu yawa. Ga haɗarin da ke tattare da haka: littafin da aka rubuta domin ɗaukaka Sarauniya yana iya komawa labarin haukan Bature, kamar yadda *Le Grand Capitaine* na Jacques-Francis Rolland, wanda ya fito a 1976, ya ɗora nauyinsa a kan Voulet. Abin da ya hana haka shi ne yadda aka jera su biyun kamar tagwayen da suka juya wa juna baya. Dukansu suna neman suna. Shi yana neman sa ta hanyar mallake mutane, ita ta hanyar ƙin a mallake ta. Shi sojojinsa ne suka kashe shi, ita kuwa labarin bai nuna gawarta ba, ya bar ta ta ɓace cikin siffar damisa.

Tauraron da matashi ya fi ganin kansa a jikinsa wataƙila ba ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba ne. Ɗan Zaki ne, ɗan Sarkin Arewa, wanda ya ga mahaifinsa ya zaɓi bin Nasara, shi kuma ya zaɓi tafiya Lugu. Shi ne yake da zaɓi na gaske a gabansa, tsakanin biyayya ga uba da abin da yake gani daidai, kuma a al'adar da saɓa wa uba babban abu ne, wannan ba ƙaramar shawara ba ce. Idan aka tuna cewa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958 Sawaba ta nemi a ce "a'a" ga zama ƙarƙashin Faransa, sarakunan gargajiya da yawa suka goyi bayan "i", aka kuma haramta jam'iyyar a 1959, za a fahimci dalilin da ya sa wannan marubuci ya damu ƙwarai da sarkin da ya sayar da maƙwabci da kuma ɗan da ya ƙi. Ba a cewa Ɗan Zaki shi ne Mamani, amma rigimar uba da ɗa a Matankari ta 1899 tana ɗauke da ɗacin 1958.

Sunaye

Mai karatu Bafaranshe yana ganin *Dawa*, *Baka*, *Gogué*, *Dan Zaki* a matsayin sunaye kawai. Mai jin Hausa yana karanta wani littafi na biyu a ƙarƙashin na farko. Dawa shi ne daji, mazaunin namun jeji da iskoki, kuma shi ne ya rene ta. Baka, jarumin da ya fi kusa da zuciyarta, sunan makami ne, abokin kibiya. Gogué, mawaƙinta, an kira shi da sunan abin kiɗansa, goge. Ɗan Zaki ba ya buƙatar bayani. Ita kanta tauraruwar an kira ta da sarautarta, aka ɗauki suna gama-gari *sarauniya* aka mai da shi sunan yanka. Sunan Mangu da aka fi sani yanzu daga bakin mutane da mawaƙa ya bazu. Wannan salon raɗin suna yana ƙarfafa abin da aka faɗa a baya: taurarin ɓangaren Lugu matsayi ne da aiki kafin su zama mutane masu rayuwar kansu, yayin da hafsoshin Faransa suke ɗauke da sunayensu na tarihi. Ɓangare ɗaya yana tafiya a kan ƙa'idar almara, ɗayan a kan ƙa'idar tarihi, littafin kuwa yana gwama su a fili ɗaya.

Rubutun Faransanci ya ɓoye wasu abubuwa. *Ou* yana tsaye a madadin *u*, an ninka *r* a *Sarraounia* alhali Hausa guda ɗaya take furtawa, kuma babu ƙugiya a ko'ina. Saboda haka *Baka* a shafin Mamani yana iya zama *baka* na harbi, mai karin sauti ƙasa-sama, ko *baka* na "a baka", mai karin sama-ƙasa, ko ma *baƙa*. Ma'anar labarin ce kaɗai ke zaɓar na farko. *Dawa* kuwa ko a daidaitacciyar Hausa yana da harshen damo, tun da ba a nuna tsawon wasali a rubutu: da gajerun wasula daji ne, da dogaye hatsi ne. Tsarin da Nijar ta bi bayan taron Bamako na 1966, mai ninka dogon wasali, da ya raba wannan gardama nan take.

Abin lura ne kuma cewa wannan mace, wadda Hausa ce harshenta, ta shahara ne da harsunan wasu. A littafi Faransanci take yi. A fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987, Aï Keïta ce ta fito a matsayinta, da harshen Jula. Yanzu da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar yadda Sarauniya za ta yi magana da Hausa a aji ta zama ta aiki, kuma duk mai fassara ko malamin da ya gwada zai ci karo da kalma ɗaya tun a shafukan farko.

Kalmar ita ce *Azna*. A Arewa da sauran karorin yamma ana cewa *azne*, jam'i *azna*. A Kano *arne* da *arna* ne, saboda sauyin da ke mai da baƙin hanƙa *r* a ƙarshen gaɓa, wanda yake cikin abin da ake kira dokar Klingenheben. A wajen Maraɗi ana jin *anne* da *anna*, inda baƙin ya naɗe cikin na gabansa. Asali ɗaya ne, amma nauyin ma'anar ya bambanta. A alƙalamin Mamani *Azna* sunan al'umma ne mai alfahari da kanta, masu ƙasa na farko. A kunnen yaron Damagaram na yau *arne* zagi ne. Idan mai fassara ya rubuta *arna*, ya sa tauraruwar tana zagin mutanenta da bakinta. Idan ya bar *Azna*, ya kiyaye martabar, amma ya rasa cizon da kalmar take yi idan ta fito daga bakin fadawan Sakkwato, waɗanda da raini suke faɗinta. Mafita ɗaya ita ce a bi dabarar littafin kansa, a bar kalmar ta sauya da mai kallo: mutanen Lugu su ce *Azna*, maƙiyansu su yi amfani da sigar da mai karatu ya riga ya san ta da raini, ko da hakan ya saɓa wa ainihin karin harshen Sakkwato, inda *azna* ɗin dai ake faɗi. Sai mai fassara ya zaɓa tsakanin gaskiyar karin harshe da gaskiyar mahanga, kuma ɗaliban da yawancinsu Musulmi ne, waɗanda littafin ke nema su tsaya a bayan matsafiya su kalli fadar Sakkwato daga waje, za su ji bambancin tun a jimlar farko.